Daga Bebeji Zuwa Riruwai Neman Ƙarshen Magaji

A shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir tun yana fure, aikin rani ya tsaya cak, na rasa abin da zan yi da yammacina, sai na shiga ajin yaƙi da jahilci da Malam Hashimu yake koyarwa a zauren mai unguwarmu a Bebeji. Na haura arba'in a lokacin. Tafiyar da zan ba da labari ta zo ne damina biyu bayan haka, kuma 'yan ajinmu ne suka ce in rubuta musu ita, tunda abin da aka je nema namu ne gaba ɗaya.

Ga wanda ba ɗan ajin ba, ga yadda abin yake. Malam Hashimu yana da littafin labari guda ɗaya tak, tsoho, ba bango, ba sunan wanda ya rubuta, mu kuwa muna da yawa. Sai ya warware ɗinkin littafin ya raba shi kashi huɗu, ya yi wa kowane kashi bango da takardar buhun siminti, ya ɗinke da zare. Duk ranar Alhamis mutum ya dawo da na hannunsa ya karɓi na gaba. Ya ce haka malaminsa ma ya yi musu. Muna kiransa littafin ɗan kuza, domin labarin wani saurayi ne mai suna Magaji da ya yi faɗa da wansa a kan gona, ya yi fushi ya tafi haƙar kuza. Kashi na uku ya ƙare ne Magaji yana cikin rami, ana ruwa, ƙasa ta fara zubowa a kansa. Kashi na huɗu kuwa yana hannun Ɗanlami mai faci, wanda ya fara karɓarsa, lokacin da ya tashi ya koma Kiru, kuma bai dawo da shi ba. Babu ɗayanmu da ya san ƙarshen Magaji. Malam ya sani, amma ya ce ba zai faɗa ba, wai a kan haka ne ma muke koyon karatu.

Nazifi ɗan yayata ne. Gyaran janareta yake yi a Kano, kuma shi da abokansa uku suna irin kiɗan nan da ake ce wa rok, mai jita ta lantarki da ganguna da ƙarar da take watsa kaji. Da ya zo mana Sallah ya same ni a ƙofar gida ina karanta kashi na biyu a fili, domin har yanzu in ban ji muryata ba karatun ba ya shiga. Ya zauna ya saurara. Washegari ma ya zauna. Daga baya ya gaya mini cewa masu irin kiɗansu a ƙasashen waje sukan ɗauki littafi su gina faifai guda a kansa, kowace waƙa tana bin wani yanki na labarin, ta yadda mai sauraro zai bi daga ta farko har ta ƙarshe kamar yana juya shafi. Ya ce ya daɗe yana neman labarin da za su yi wa haka. Kafin wata huɗu ya yi waƙa bakwai daga kashi ukun da muke da su. Ta takwas kuwa daga kansa ya fitar da ita, kuma a cikinta ya binne Magaji.

Da ya kaɗa mini ita na saurara har ƙarshe, sannan na tambaye shi wa ya gaya masa Magaji ya mutu.

"Kawu, ƙasa ta rufta wa mutum, ana ruwa. Me ya saura?"

Na ce saura kashi na huɗu, kuma mu a nan ba a yi wa mutum sallah sai an ga gawarsa. Ya yi dariya, ya ce makaɗa ba bayin littafi ba ne, sukan juya labari yadda ya yi musu. Na ce su juya, amma su fara sanin abin da suke juyawa. Ya riga ya duba a waya, ya tambayi masu sayar da littattafai a birni, amma littafin da ba suna ba wanda ya gane shi. Ranar Litinin mai zuwa kuma za su shiga ɗakin ɗaukar waƙa. Sai muka yi alkawari a gaban Malam Hashimu: in mun samo kashi na huɗu kafin ranar, waƙar ƙarshe za ta bi abin da ke ciki; in ba mu samo ba, ya binne Magaji, ba zan sake magana ba. Malam ya ara mana kashi ukun, ya ce mu gwada ɗinki da rubutu kada a haɗa mu da wani littafin daban.

Talata: Bebeji zuwa Kiru

Mun fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Na naɗe kashi ukun a leda biyu na sa a aljihun ciki. Nazifi ya rataya jita a jakarta, ya riƙe wata 'yar lasifika mai batir. Na ce masa littafi za mu nema ba biki za mu ba, ya ce ba ya kwana nesa da ita.

'Yan acaɓa biyu suka kai mu bakin titi, muka jira motar Kiru har rana ta fito. Yaron mota ya dubi jakar jitar ya ce sai an biya mata kujera. Nazifi ya ce a cinya zai ɗora ta. Yaron ya ce to wuyanta fa, a cinyar wa zai kwanta? A tawa ya kwanta har Kiru. Hanya ba laifi, sai wuraren da ruwa ya ci gefenta. Dawa da masara sun kai gwiwa, ko'ina mutane na noma na biyu, abin da ya tuna mini da tawa gonar da na bari.

Mun sami Ɗanlami a rumfarsa kusa da tasha, yana tsoma tayar babur a ruwa. Ya yi murna da ganina, ya aika aka kawo mana koko da ƙosai. Da na faɗi abin da ya kawo mu ya daina murza hannu, ya ce wallahi ya yi niyyar aikowa da shi tun bara. Nazifi ya tambaye shi ko ya karanta. Ya ce ya kai layi na uku, daga nan aka kawo masa tayar tirela, bai sake komawa kai ba. Ya ce takardar tana cikin tsohon akwatinsa a gidan mahaifiyarsa a Ɗansoshiya.

Muka hau babur zuwa Ɗansoshiya. An yi ruwa jiya, hanyar duk taɓo, sau biyu muna sauka muna turawa. A wani kwari takalmina ɗaya ya nutse, na zaro shi maɗaurin ya tsinke, na ƙarasa da shi a hannu. Tsohuwar ta karɓe mu da fura, ta sa aka fito da akwatin. Babu komai a ciki sai tsofaffin riguna da fitila marar ƙwai. Sai da ta ji mun ambaci bangon siminti sannan ta ce ai Asabe, yayar matar Ɗanlami, ta ɗauke shi tun ranar sunan ɗan Ɗanlami, kuma Asabe abinci take sayarwa a tashar Tudun Wada. Ta ce Ɗanlami yana zaune a nan lokacin da aka ɗauka.

Mun koma Kiru gab da magariba. Ɗanlami ya ce yanzu ya tuna. Ya ɗinke mini takalmin da zaren taya, muka kwana a shagonsa.

Laraba: Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa

Daga Kiru muka shiga mota zuwa Kwanar Dangora, muka sauka muka jira ta kudu ta cika. Jiran ya fi tafiyar tsawo. Mun isa Tudun Wada rana ta kusa tsaka. Daga nan ƙasa ta fara canjawa, shinkafa ta yi yawa a fadamu, itatuwa suka ƙaru.

Ba mu sha wuyar samun Hajiya Asabe ba, direban farko da muka tambaya ya nuna mana rumfarta da baki. Mace ce mai jiki da murya, tana zuba abinci tana faɗa da masu wanke-wanke a lokaci guda. Ba ta yarda ta saurare mu ba sai da muka ci shinkafa da wake. Da na fito da kashi na uku ta ga bangon, ta ajiye ludayi.

"Ashe yana da 'yan uwa. Ni na ɗauka haka aka yi shi, labari ya fara daga tsakiyar rami."

Ta ce 'yarta ta karanta mata shi har sau uku. Ta gyara zama ta ce ai wannan yaron, bayan ƙasar ta zubo... Na ɗaga hannu na ce Hajiya don Allah ta tsaya. A daidai lokacin Nazifi ma ya ce ta tsaya. Ta dube ni, ta dube shi. Na ce mata ni na yi shekara biyu ina koyon haruffa, ina so in gani da idona. Ta ce to shi kuma fa? Nazifi ya ce shi ba ya son jita-jita, sai ya ga takarda. Ta ce ita ce jita-jitar? Ta ce ko dai ɗan nan tsoron abin da zai ji yake yi. Direbobin da ke cin abinci suka yi dariya, Nazifi ya shiga wanke hannun da ya riga ya wanke.

Takardar ba ta wurinta. Ta kai wa baffanta, Baba Garba, tsohon mahaƙin kuza a Riruwai, don ta san zai so labarin. Ta kwatanta mana gidan, ta ba mu ƙullin daddawa mu kai masa, ta ƙi karɓar kuɗin abinci. Da za mu tashi ta ce wa Nazifi ya ci gaba da addu'a, ba ta dai faɗi a kan me ba.

Mun bar Tudun Wada bayan azahar, domin direbobi ba sa son yamma ta same su a dajin Falgore. Dajin yana da tsawo, ba gari, ba gona, sai itatuwa da ciyawa mai tsayi, wani lokaci shanu a nesa. A shingen farko wani soja ya leƙo ya nuna jakar ya ce mene ne wannan. Nazifi ya buɗe. Sojan ya ce ya iya ne ko ado ne. Direba ya ce, "Oga, don girman Allah kada ka sa shi. Tun Tudun Wada muke roƙon kada ya fara." Sojan ya yi murmushi ya ɗaga mana hannu. A sauran shingayen ba a tambaye mu komai ba.

Kafin mu fita dajin ruwa ya sauko. Gilashin ɓangarena ba ya rufuwa duka, na juya wa ruwan baya saboda aljihuna. Mun isa Doguwa ana la'asar sakaliya, motar Riruwai ta ƙarshe ta riga ta tafi. Direbanmu, mutumin garin ne, ya sauke mu a zauren gidansa, aka kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa.

Muna ci Nazifi ya faɗi abin da bai faɗa a gida ba. Ya ce waƙar binne Magaji ita ce mafi kyau a cikin takwas ɗin, kuma ita ce suka kaɗa wa mai ɗakin ɗaukar waƙa har ya yarda ya ba su rana. In aka cire ta bai san me mutumin zai ce ba, bai san me abokansa za su ce ba. Na ce masa na ji. Ya ce shi ke nan abin da zan ce? Na ce ban karanta ba tukuna, wataƙila ma shi ne da gaskiya. Ya ce da Hajiya ta san shi ne da gaskiya da ba ta yi masa irin wannan kallon ba.

Alhamis: Doguwa zuwa Riruwai

Mun samu motar kaya mai ɗaukar fasinja a baya, muka zauna kan buhunan taki. Hanyar tana hawa tana sauka tsakanin duwatsu. Ban taɓa ganin duwatsu irin waɗannan a ƙasar Kano ba, har da ruwa yana gangarowa daga jikin wasu. Kusa da gari aka fara ganin tsofaffin ramuka cike da ruwa kore, da tulin ƙasa da ciyawa ta rufe, da gine-ginen masu haƙa na da waɗanda rufinsu ya tafi. Nazifi ya yi ta kallo. Can ya ce a waƙarsa ta huɗu ya sa rami a fili mai yashi, ashe dutse ne.

Baba Garba yana zaune kan buzu a gindin mangwaro a ƙofar gidansa. Tsoho ne ƙwarai, idanunsa sun yi fari, amma kunnensa lafiya lau. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ba shi daddawar. Na yi masa bayani tun daga zauren mai unguwa har zuwa Alhamis ɗin da Ɗanlami ya tsallake. Ya sa hannu ƙarƙashin buzun ya zaro takardar. Bangon ya yi baƙi, amma zaren Malam Hashimu ne, na gane ƙullinsa.

Bai miƙo ba. Ya ce jikokinsa sun karanta masa ita har ya haddace, amma bai taɓa sanin wane ne Magaji ba, ɗan wa ne, me ya kawo shi rami. Ya tambaya yau wace rana ce. Aka ce Alhamis.

"To ai ranar musanya ce a wurinku. Ku ba ni nawa, in ba ku naku."

Nazifi ya ce zai iya karanta masa kashi ukun kafin azahar. Baba ya ce ba shi ya tambaya ba, wanda ya yi tafiya don karatu shi zai karanta. Na gaya masa karatuna a hankali yake. Ya ce shi ma jinsa a hankali yake.

Na fara da hantsi. Kafin in gama babi na farko tsofaffi huɗu sun zo sun zauna, duk tsofaffin mahaƙa. Nazifi ya ajiye wayarsa a gabana tana ɗaukar murya, ban hana shi ba. Ba su bar ni na yi nisa ba tare da sun sa baki ba. Inda littafin ya ce Magaji ya sauka rami ranar da ya iso, suka ce ƙarya ne, sai mutum ya yi wata yana ɗaukar kwano a ka kafin a ba shi diga. Wani ya ce wanda ya rubuta wannan a bakin rami ya tsaya, bai taɓa shiga ba. Baba ya ce a'a, ya shiga, ku ji yadda ya faɗi sanyin igiya da safe. Suka yi ta gardama, ni kuma na riƙe yatsana a kan layin har su gama. Nazifi yana rubuta wasu maganganunsu a bayan hannunsa.

Mun tsaya don salla da abinci. La'asar ta same ni a tsakiyar kashi na biyu, muryata ta dushe. Baba ya ce a bari sai gobe, ya mayar da takardar ƙarƙashin buzu. Muka kwana a ɗakin ɗansa.

Juma'a: Riruwai

Na ƙarasa kashi na uku kafin a tafi masallaci. Da na karanta inda ƙasa ta fara zubowa babu wanda ya sa baki. Bayan an sauko Baba ya miƙo mini kashi na huɗu.

Ga abin da ke ciki, ga 'yan ajinmu da ba su kai kansa ba tukuna. Wanda yake so ya gani da idonsa ya tsallake wannan sakin layi. Magaji bai mutu ba. Kwanon da yake aiki da shi ya kife a kan fuskarsa ya bar masa wurin numfashi. Abokan aikinsa suka haƙa da hannu cikin ruwan har suka kama ƙafarsa. Ƙafar ta karye, ta warke a karkace. Ya koma garinsu ba shi da komai, ya tarar mahaifinsu ya rasu. Shafin ƙarshe ya nuna shi tsaye a bakin gonar da suka yi faɗa a kanta, wansa yana noma a ciki, ya ɗago ya gan shi.

Daga nan rubutun ya goge. Rabin shafin ya sha hannu da mai har ya zama kamar fata. Na ɗaga shi a rana, na juya, ban ga harafi ko ɗaya ba. Na gaya wa Baba. Ya ce ya sani, shi ya goge shi da shafawa, in ina so zai faɗa mini, in ba na so zai yi shiru. Na daɗe ina duban takardar, sannan na ce ya faɗa.

Ya ce wan ya taho har bakin gonar, ya miƙa wa Magaji fartanyar da ke hannunsa, shi kuma ya tafi gida ɗauko wata. Ba su ce wa juna komai ba. Nan littafin ya ƙare.

Nazifi ya ce, "Shi ke nan, Baba? Fartanya?" Baba ya ce fartanya. Nazifi ya ce ta yaya mutum zai rufe faifan rok da fartanya. Baba ya ce wannan kuma aikin Nazifi ne, shi kuza ya haƙa. Sannan ya ce ya ji ana ta maganar wata waƙa, a kaɗa masa ita.

Nazifi ya haɗa jita da lasifika. Ya kaɗa daga inda ƙasa ke rugugi har zuwa inda aka zuba wa Magaji ƙasar ƙarshe, mahaifiyarsa tana jira a ƙofa. Yara suka cika wurin. A tsakiya tsirkiya ɗaya ta tsinke, ya ƙarasa da sauran. Ni kaina na san ya kaɗa ta da kyau fiye da yadda ya kaɗa a Bebeji.

Baba ya ce farkon daidai ne, haka ƙasa take yi, kuma bai san yadda yaron da bai taɓa shiga rami ba ya samo wannan ƙarar ba. Sai ya nuna wajen gabas da sandarsa ya ce ƙanensa Sale yana ƙarƙashin wancan tudun. Sun haƙa har hannuwansu suka yi jini, ba su kai gare shi ba. Ya ce kowane ɗaya daga tsofaffin nan yana da nasa a wani tudun.

"Binnewa mun iya, ɗana, ba sai an rera mana ba. Wanda ya rubuta wannan ya san haka. Shi ya sa ya fito da nasa."

Nazifi ya naɗe wayar jitar, ya hau wani dutse inda ake samun sabis, ya daɗe yana magana a waya. Ina hango shi yana yarfa hannu. Da ya sauko ya ce zai bar rugugin ƙasar ya haɗa shi da ƙarshen waƙa ta bakwai, baitocin binnewar kuma ya zubar. Mai gangarsu ya ce ba zai zo ya zauna yana kallon fartanya ba. Mai ɗakin ɗaukar waƙa ya ce in ba su da ta takwas ranar Litinin zai ba wa wasu ranar, su jira wata mai zuwa. Na ce masa alkawarinmu bai ce sai ya yi asarar rana ba, in yana so ya sake tunani. Ya ce, "Kawu, ba don alkawarin ba ne."

Kafin magariba ya zuba karatuna duka a ɗan katin waya ya sa a rediyon Baba. Baba ya saurari farkonsa, ya ji har da gardamarsu a ciki, ya yi dariya. Sai ya ce in tafi da kashi na huɗu, takarda ta masu ido ce.

Asabar: komawa gida

Mun bar Riruwai da sassafe a motar masu kai masara. A Doguwa muka samu wadda za ta wuce har Kwanar Dangora. Sojan nan yana shingensa, ya gane jakar, ya tambayi sabon direban ko yaron ya fara. A Tudun Wada muka tsaya gaida Hajiya Asabe. Ta dubi fuskar Nazifi kawai ta ƙara masa nama. A Kwanar Dangora muka rabu, shi ya hau motar Kano, ni na shiga wata motar na sauka a mararrabarmu na hau acaɓa. Na shiga Bebeji ana kiran magariba, na wuce gidan Malam Hashimu kafin gidana. Ya gwada zaren, ya ce nasa ne. Ranar Alhamis ya saka kashi na huɗu a zagaye, ya rubuta rabin shafin da hannunsa ya liƙa, kuma abin da ya rubuta bai saɓa da na Baba ba.

Bayan mako biyu Nazifi ya zo ya bi ni gona, ya ajiye wayarsa a kunya yana ɗaukar ƙarar fartanyata. Na ji waƙar sau ɗaya daga baya. Jita ɗaya ce a hankali, fartanya ɗaya tana sara, can wajen ƙarshe ta biyu ta shigo. Mai gangar ya dawo, shi ne ma ya riƙe ta biyun. Ban san ko masu sauraron irin wannan kiɗa za su so ta ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Hashimu, da Ɗanlami da mahaifiyarsa, da Hajiya Asabe, da direban da ya sauke mu a Doguwa wanda ban riƙe sunansa ba, da Baba Garba da abokan zamansa. Allah ya saka musu, ya ji ƙan Sale da sauran da ke ƙarƙashin tuddan.

Abin da aka rasa a tafiyar: yini guda a hanyar Ɗansoshiya, maɗaurin takalmi ɗaya, tsirkiyar jita ɗaya, noman kwana biyar a gonata, ranar Litinin ta su Nazifi, baiti shida na waƙar da ya fi so, da rabin shafi wanda ban karanta da idona ba. Magaji ba ya cikin lissafin.